Darasi Na 14: Idan Bututun Ruwa Ya Tsufa

A tsakiyar watan Afrilu, lokacin da duwatsun da suka kewaye garin Dutse ke huci kamar bakin tanda, awaki ma sun nemi gindin bango sun lafe, akwai wani wuri a layinmu da ciyawa ke tsiro kore shar. Faɗinsa bai fi tabarma biyu ba, a gefen kwata, daf da rumfar mai gyaran babur. A nan agwagin maƙwabta suke yini. Yara sun raɗa wa wurin suna Fadama. Shekara biyu ina wucewa ta nan safe da yamma, ban taɓa tambayar kaina inda ciyawar take samun ruwa ba, alhali mu da ke ƙarshen layi sai mu kwana uku famfonmu bai ɗiga ba.

Da tura ta kai bango muka yi karo-karo, aka kira wani dattijo mai gyaran famfo. Ya zo da diga da shebur da yaronsa. Haƙar ba ta kai gwiwa ba sai ga bututu. Na ƙarfe ne, kaurinsa kamar damtsen yaro, tsatsa ta cinye shi ya yi jawur. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne ɗaurin da ke jikinsa. A tsawon taku uku kacal mun ƙirga ɗauri bakwai, duk da robar cikin tayar babur da aka yayyanka aka nannaɗe. Ruwa na tsartuwa ta ƙarƙashin uku daga ciki.

Na ce, "Baba, sai a ƙara ɗaurewa ke nan?"

Ya share gumi ya dube ni. "Malam, in ka ce in ɗaure, zan ɗaure in karɓi kuɗina. Amma ciwon nan ya wuce ɗauri. Bututun nan ya girmi yaron nan nawa nesa ba kusa ba. Na ɗaure nan yau, jibi can ya ɓalle."

A kan maganar dattijon nan darasinmu na yau yake. Za mu ga abin da ke kashe bututu, da abin da yoyonsa ke jawo mana a aljihu da kuma a ciki, da abin da ke samun mutanen unguwa idan aka zo tone tsoho a binne sabo.

Garin da ya tsere wa bututunsa

Waɗanda suka manyanta a cikinku sun san Dutse kafin ranar 27 ga Agustan 1991, ranar da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta yanke Jigawa daga tsohuwar Jihar Kano, ta mai da Dutse babban birni. Kafin nan, in ka cire Garu inda fadar sarki take, da 'yan unguwanni da ƙauyukan da ke zagaye, sauran duk gonaki ne da itatuwan dabino. Cikin ɗan lokaci ma'aikata suka kwararo da iyalansu. Takur ta cika, aka gina Gida Dubu, gari ya miƙe ta Danmasara da hanyar Kiyawa. Ƙidayar 2006 ta samu mutum kimanin 250,000 a ƙaramar hukumar Dutse, kuma a lokacin ba a ma buɗe Jami'ar Tarayya ba, sai a 2011 aka kafa ta, daga baya ta zo da nata dubban ɗalibai.

Gida ana gina shi a wata shida. Bututu kuwa yana ƙarƙashin ƙasa, ido ba ya ganinsa, saboda haka shi ake mantawa. Layin da aka auna don gida hamsin sai ka tarar gida ɗari uku sun jona a jikinsa, kowa da nasa mai gyaran, kowa da irin tasa hudar.

Ga kuma yanayin wurin. Sunan garin ma ya faɗi halinsa. A gindin duwatsu ruwan ƙasa wuya gare shi, shi ya sa ruwan famfon Dutse ya dogara da rijiyoyin burtsatse na bayan gari, har da na wajen Shuwarin, inda ake turo shi da inji ya yi tafiya mai nisa kafin ya iso tanki. Duk ɗigon da ya iso gari an biya masa kuɗin wuta ko na gas, an biya albashin mai kula da inji. Gwamnatin tarayya ta ɗauki nauyin wani babban aiki na janyo wa Dutse ruwan kogi daga Sintilmawa, ta wajen Ringim. Abin farin ciki ne. Sai dai komai yawan ruwan da aka janyo, in an zuba shi cikin bututun da ya zama rariya, ciyawar gefen kwata ce za ta fara shan rabonta kafin ni da ku.

Abin da ke kashe bututu

Irin bututun da aka fi binnewa a garuruwan Arewa a shekarun 1970 da 1980 iri biyu ne. Manyan layuka, na siminti ne da aka gauraya da wani ma'adini mai zare-zare da ake kira asbesto. Ƙananan da ke shiga lunguna da gidaje kuwa na ƙarfe ne da aka shafa wa sinadarin hana tsatsa. Kowanne da irin mutuwarsa. Na ƙarfe, shafen yana ƙarewa, tsatsa ta ci shi ciki da waje. Ta waje ta huda shi, ta ciki ta taru ta toshe hanya, har bututun da babban yatsa ke shiga ya koma da ƙyar tsinken tsire zai wuce. Na siminti ba ya tsatsa, amma ba ya lanƙwasa. Da ƙasa ta motsa sai ya tsage kamar tulu.

Ƙasa kuwa tana motsi fiye da yadda muke zato. Inda take da laka, takan kumbura da damina ta tsuke da rani. Tirela da tifa suna bi ta kan titin da a da sai jaki da keke. Saiwar darbejiya tana jin ƙanshin danshi ta bi shi har mahaɗar bututu ta kutsa. A Dutse akwai ƙari: inda ma'aikaci ya haƙa ya ci karo da dutse, sau da yawa sai ya haƙura ya kwantar da bututun sama-sama. Ruwan sama ya gangaro daga kan dutse da ƙarfinsa, ya zaizaye ƙasar, bututu ya fito fili, rana ta dake shi, mota ta taka shi.

Akwai wani makashin da ba a cika sani ba, wato kawowa da ɗaukewa. Kun san tarin da famfo ke yi da hucin iska kafin ruwa ya zo. Bututun da ya wofinta cike yake da iska. Da an tada inji, ruwa ya taho a guje ya daki iskar nan, duk mahaɗa sai ta girgiza. A yi haka yau, a yi gobe, shekara da shekaru. A juri zuwa rafi dai, wata rana tulu zai fashe.

Na ƙarshe mu ne da kanmu. Wanda ya je da dare ya huda layi ya jona gidansa ba da sanin hukuma ba, da wanda ya fasa bututu a bakin hanya don ya ɗebi ruwan yin bulo, duk sun bar rauni a jikinsa.

Ƙofar fitar ruwa ita ce ƙofar shigar cuta

A nan nake so mu ɗan daɗe, domin nan ne mutane da yawa ba su gane ba. Mukan ɗauka illar yoyo ita ce asarar ruwa kurum. Wannan ƙaramar illar ce.

Muddin inji na turawa, ruwan da ke cikin bututu ya fi na waje ƙarfi, saboda haka ta hudar fita kawai yake yi. Da an kashe inji labari ya juya. Ruwan da ya rage a ciki sai ya gangara zuwa unguwannin da ke kwari, ya bar wofi a bayansa, wofin nan kuma zuƙa yake yi, kamar yadda yaro ke zuƙar lemo da tsinken roba. Me zai zuƙo? Duk abin da ke kwance a bakin hudar. In bututun ya ratsa ta cikin kwata, ruwan kwata zai sha. In ya bi ta gefen salga, abin da ya tsatso daga salga zai sha. Masu kafa ɗan inji a gida suna jan ruwa kai tsaye daga layi suna ƙara wa zuƙar nan ƙarfi, su sha, su shayar da maƙwabta. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Washegari an kawo ruwa, mata na ta guɗa, yara na ta jera bokitai. Ruwan farko ya zo ja-ja, wani lokaci har da wari, a ce ai tsatsa ce kawai, a bar shi ya kwanta. Tsatsa takan kwanta a gindin randa. Ƙwayar cutar taifot da ta amai da gudawa ba ta kwanciya, ba ta da launi, ba ta da wari.

Ba mu manta da 2021 ba. A shekarar nan Hukumar Daƙile Cututtuka ta Ƙasa, NCDC, ta ƙirga sama da mutum 111,000 da ake zaton sun kamu da kwalara a Najeriya, sama da 3,600 suka rasu, kuma Jigawa na cikin jihohin da abin ya fi muni, tare da Bauchi da Kano da Zamfara. Hanyoyin cutar suna da yawa: buɗaɗɗiyar rijiya, ruwan kududdufi, hannun da ba a wanke ba. Amma a cikin gari, fasasshen bututu a cikin kwata yana sahun gaba, domin yana iya raba ƙazantar wuri guda ga gida ɗari a safiya ɗaya.

A watan Oktoban 2022 aka ayyana Jigawa a matsayin jiha ta farko a Najeriya da ta rabu da bahaya a fili. Abin alfahari ne. To amma ku lura, ma'anarsa ita ce yanzu kusan kowane gida akwai ramin masai, a wasu lungunan ma bango ɗaya ne tsakaninsa da layin ruwa. Nasarar ta ƙara mana nauyin tabbatar da lafiyar bututu.

Kafin a zo gyara, ga abin da uwar gida za ta riƙe. Ruwan farko a tare shi daban, a yi wankin tsakar gida ko a ba shuka. Na sha a tafasa shi, ko a sa masa maganin ruwa na kilorin gwargwadon yadda aka rubuta a jikin kwalbar. Alif yana kwantar da laka ruwa ya yi garau, amma ba ya kashe ƙwayar cuta.

Mu yi lissafi

Ku ɗauko alƙalami. A ce akwai huda a layinku da za ta cika jarka mai cin lita 25 cikin minti 10. A awa ɗaya jarka 6 ke nan, wato lita 150. In ana kawo ruwa awa 6 a rana, an zubar da jarka 36, lita 900. In kurar ɗan garuwa tana ɗaukar jarka 12, to kura 3 cur ta tafi kwata a yini ɗaya. In da ruwan dare da rana yake zuwa, jarka 144 ce, lita 3,600. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum na buƙatar lita 50 zuwa 100 a rana don sha da girki da wanka da wanki. A kan lita 50, hudar nan guda ta shanye rabon mutum 72.

Huda ɗaya ke nan, wadda ake gani. Wadda ke tsartuwa a kan titi ma da sauƙi, don wani zai gani ya yi magana. Mugunyar ita ce mai tsatsowa a hankali ƙarƙashin yashi, ta shekara biyar ba wanda ya sani. Wani ƙiyasi na Bankin Duniya a 2006 ya nuna cewa ruwan da ke zurarewa kullum daga bututun ƙasashe masu tasowa zai ishi mutum kusan miliyan 200. Malamanmu sun karantar da mu cewa ko a alwala ba a son ɓarnar ruwa. Ina ga wanda ke kwarara dare da rana a ƙofar masallacin?

Ranar da katafila ta shigo unguwa

Kowane ruwa da mai shi. A Jigawa, Hukumar Ruwa ta Jiha ce ke da manyan garuruwa irin su Dutse da Birnin Kudu, STOWA na kula da ƙananan garuruwa, RUWASA kuma da ƙauyuka. Mutumin Kiyawa ko Jahun ko Gwaram ko Miga ko Buji ya kamata ya san wadda ke riƙe da nasa ruwan, don ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Aikin sauya bututu in za a yi shi daidai, ba da diga ake farawa ba. Da dare ake farawa, lokacin da gari ya yi barci, famfuna a rufe. In ma'aikata suka ga har yanzu ruwa na gudu da yawa zuwa wata unguwa, sun san ƙasa ce ke sha. Sai su bi layi da sandar saurare, su kafa ƙarshenta a kan bututu su sa kunne, kamar likita da ƙirjin marar lafiya. Da haka ake sanin layin da za a fara da shi, tunda ba gwamnatin da ke da kuɗin tone gari gaba ɗaya.

Sannan a haƙa rami mai zurfi, kimanin mita ɗaya, a shimfiɗa yashi mai laushi a ƙasa don kada tsinin dutse ya huda sabon. Abin da aka fi sawa yanzu baƙar roba ce mai shuɗin layi a jiki, ma'aikata na kiranta HDPE. Ba ta tsatsa, tana lanƙwasa in ƙasa ta motsa, kuma ba a haɗa ta da gam ko zare: bakin biyu ake gasawa da faranti mai zafi a manne su su zama abu guda. Masu yin ta suna ƙiyasta mata shekara 50 ko fiye. Kafin a rufe rami sai an cika ta da ruwa an matsa da ƙarfi a ga ko za ta yi yoyo, a wanke cikinta da kilorin, sannan a jona gidaje. Duk wanda ya ga ana jefa bututu a kan tsakuwa ana turbuɗe shi ba yashi ba gwaji, ya sani kuɗin jama'a ake binnewa, kuma yana da haƙƙin ya gaya wa mai unguwa ko kansila.

Wahala kuwa akwai ta, kada wani ya ruɗe ku. Rami zai ratsa ƙofar gida, mai babur ya rasa ta inda zai shigar da shi. Mai shago da mai ƙosai za su ga ciniki ya ja baya, don mai saye ba ya tsallaken rami. Za a ɗauke ruwa na kwanaki, 'yan garuwa su ƙara kuɗi. In aikin ya faɗo cikin damina, ramin ya cika da ruwa, ya zama tarkon yara da makafi da tsofaffi masu fita sallar asuba. Saboda haka tun kafin a sa diga, mutanen unguwa su zauna da ɗan kwangila a gaban mai unguwa su ji ranar farawa da ranar gamawa, su nemi a sa katako a ƙofar kowane gida, a kewaye rami da alama, a sanar da su kafin a ɗauke ruwa don a cika randuna. Su kuma tambaya tun da wuri: wa zai mayar da kwalta da simintin da aka fasa? Wannan tambaya in ba a yi ta a farko ba, a ƙarshe ba mai amsawa.

Gargaɗi ɗaya game da tsohon bututun siminti da aka tono. Haɗarin asbesto a shaƙar ƙurarsa yake, tana lalata huhu, kuma cutar ba ta bayyana sai bayan shekaru masu yawa. Kada a bar yara su farfasa shi, kada a ɗauka a yanka da zarto a yi kwalbati ko murhu ko turken dabba.

Bayan ƙura ta lafa

Abin da ya faru a layinmu ƙaramin misali ne. Da aka sauya guntun nan da ya ruɓe, Fadama ta bushe cikin mako biyu, agwagi suka sauya sheƙa, mu na ƙarshen layi muka fara samun ruwa. Amma a daren farko sai ga sallama a ƙofata. Maƙwabciyata ce, wata dattijuwa, zaninta jiƙe.

"Malam, ku da kuka jawo mana gyara sai ku zo ku gani. Tsakar gidana ta zama kogi."

"Subhanallahi! Hajiya, me ya faru?"

"Bututun bayan ɗakin girki ne ya yi bindiga."

Ba laifin kowa ba ne. Ruwa ya samu ƙarfin da ya daɗe bai samu ba, tsohon bututun cikin gidanta ya kasa ɗauka. Haka yake faruwa a duk inda aka sabunta babban layi. A birane da yawa da aka ƙirga, an tarar yawancin hudoji ba a jikin babban layi suke ba, a siririn nan suke da ke tasowa daga layi zuwa gida. Wanda ke cikin gida kuwa nauyin mai gida ne. Duk wanda ya ji za a yi aiki a unguwarsu, ya fara tanadin kuɗin sauya nasa, da kan famfon da ke ɗiga, da ƙwallon tankin da ba ya tsayar da ruwa.

Sai maganar da ba a so, ta kuɗi. Sabon layi yakan zo da rajistar gidaje, wani lokaci da mita. Wanda ya yi shekaru yana sha ta haɗin dare zai ji babu daɗi. Ni dai a ganina mita ta fi wa talaka adalci, domin a tsarin kuɗin bai ɗaya, mai ɗaki biyu da mai gidan wanka da mai wankin mota kusan abu guda suke biya. Amma da sharaɗi: mita na iya juyawa da iskar da ke riga ruwa zuwa, don haka in ba a daidaita zuwan ruwa ba, sai mutum ya biya kuɗin huci. Kuma 'yan garuwa, waɗanda suka rufa wa gari asiri shekara da shekaru, kasuwarsu za ta ragu a inda famfo ya dawo, su koma sababbin unguwannin da layi bai kai ba.

An taɓa yin irin wannan aiki a wurin da ya fi namu lalacewa. Phnom Penh, babban birnin Kambodiya, ya fito daga yaƙi da bututun da suka ruɓe. A 1993 kashi 72 cikin 100 na ruwan da hukumarsu ke turawa ba a ganin kuɗinsa, wani ya zurare, wani an sace. A shekarar aka naɗa wani injiniya, Ek Sonn Chan, ya shugabanci hukumar. Suka sauya layuka, suka sa wa kowane gida mita, suka tilasta wa manya, har da hafsoshin soja, biyan kuɗin ruwa kamar kowa. Cikin shekara 15 asarar ta sauko kusan kashi 6, ruwa ya koma zuwa dare da rana. Ku lura da wannan na ƙarshe. Bututun da ba ya wofinta ba ya zuƙar kwata.

Aikin aji

1. Da bakinka, bayyana wa na kusa da kai dalilin da ya sa fasasshen bututu ke shan ruwan kwata idan an ɗauke ruwa.

2. Nawa ake sayar da jarka a unguwarku a wannan watan? Ninka kuɗin sau 36. Sannan ninka abin da ka samu sau 30. Me wannan adadi yake nuna maka?

3. Wata huda tana cika jarka mai lita 25 cikin minti 5. Lita nawa za ta zubar cikin awa 4?

4. Ku kasu gida uku. Kafin darasi na gaba, kowane rukuni ya zaga layi ɗaya a ranar da aka kawo ruwa. Ku rubuta duk inda kuka ga danshi ko koren ciyawa ba dalili, da duk inda bututu ya ratsa ta cikin kwata, da wata alama da za a gane wurin, kamar masallaci ko shago ko turken wuta. A aji za mu haɗa su mu rubuta wasiƙa ɗaya zuwa ga ofishin ruwa na yankinku, ta hannun mai unguwa. Kowa ya zo da biro, don kowa zai sa hannu da kansa.